Orrin Ya Tsufar Mini da Kamfanin Madarar Babana

Lorna, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Matata ta gaji da jin maganar nan, ita ta ce in rubuto miki ko kunnenta ya huta.

Tun gashina yana baƙi nake cikin ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa ta garinmu a nan Wisconsin. Muna haɗuwa a ɗakin ƙasa na tsohon coci, inda muka shimfiɗa layin dogo da ƙauyuka a kan tebura. Bara aka ba ni fili kusa da tasha, aka ce in sa gini. Na ƙudurta zan gina kamfanin madarar da babana ya yi wa aiki har tsufansa. An rushe shi tuntuni, wurin ajiye motoci ne yanzu. Ba a sayar da irinsa a kwali, sai na sayi gine-ginen roba uku, gidan burodi da sito da ofishin 'yan kwana-kwana, na yayyanka su. Bangon wannan na haɗa da rufin wancan, na toshe wasu tagogi na huda sababbi, na ciro bututun hayaƙin gidan burodin na ƙara masa tsawo. Duk lokacin sanyi a kansa na ƙare. Yatsuna sun sha reza da gam, ga idon ba kamar da ba. Ba yabon kai ba, inda bango ya haɗu da bango ko da farce ba za ki ji gaɓa ba.

Na shafa masa fenti fari fat, kuma da gangan na yi. Babana ne ke yi wa ainihin ginin farin fenti duk bazara, ba wanda ya sa shi. Cewa yake wurin da ake taɓa abin da yara za su sha bai kamata a ga datti ko a bangonsa ba. Da aka rufe kamfanin, yana ji yana gani tsatsa ta zubo daga rufi, tagogi suka farfashe. Har ya rasu bai ƙara bin titin ba, zagayawa yake yi.

Na manne ginin a wurinsa, na tafi aka yi mini aiki a gwiwa. Kin san al'adarmu, ba a barin abu yana ƙyalli kamar yanzu ya fito daga kwali, sai an tsufar da shi da garin alli da fenti mai ruwa-ruwa. Gwanin wannan aiki a wurinmu shi ne Orrin Tveit, abokina tun muna samari, wanda ya tsaya kusa da ni ranar aurena. Ina dawowa da sandata na tarar da mutane sun kewaye ginina suna ta yabo. Na leƙa. Orrin ya zubo masa tsatsa daga rufi, ya fasa tagogi biyu, ya dusashe sunan kamfanin, har ciyawa ya dasa a bakin ƙofa. Ya dafa kafaɗata yana dariya, wai ya ga na bar shi kamar kek ɗin biki, shi ne ya ƙarasa mini, ba sai na gode ba.

Ba sai na gode ba! Lorna, wallahi kamar in haɗiye zuciya. Abin da ya fi ci mini rai, ya iya aikin. Ginin ya koma sak yadda yake a shekarun da babana ke kauce masa. Na juya na fita. Ya yi ta kirana a waya, ban ɗauka ba, kuma ba ni da niyya.

Ga inda matsalar take. Asabar mai zuwa ƙungiya za ta buɗe ƙofa ga jama'a, kuma na yi wa mahaifiyata alkawarin zan ɗauko ta daga gidan kula da tsofaffi ta ga kamfanin. Ta haura casa'in, sunana ma wani lokaci yakan ɓace mata, amma kamfanin nan ba ta manta ba, a can suka haɗu da babana. In tura ta a keken guragu har gaban kango? Dokarmu ta ce abin da aka manne a tebur ya zama na ƙungiya. Ni dai zuciyata cewa take in sa wuƙa in ɓamɓare abina, in fita, su da Orrin su ci kansu.

Ɗan Mai Farin Fenti

*

Ɗan Mai Farin Fenti,

Ajiye wuƙar tukuna. In ka ɓamɓare gini daga tebur, bangon zai tsage daidai gaɓoɓin da ka wahala a kansu, ranar Asabar kuma rami za ka nuna wa mahaifiyarka.

Orrin ya yi laifi, ba na rage masa komai. Ba a taɓa aikin hannun mutum ba tare da an tambaye shi ba, ko da ƙura za a share, balle fasa taga. Dokar ƙungiya ta ba su ginin, ba ta ba shi izinin yin gaban kansa ba. Amma na karanta wasiƙarka sau biyu ban ga inda ka gaya wa kowa dalilin farin fentin ba. Orrin ya ga farin gini a cikin garin da komai ya sha hayaƙi, ga abokinsa a kwance, sai ya yi maka kyauta da abin da ya fi iyawa. Wauta ce, ba mugunta ba, kuma mutumin da ke ta kiranka ya riga ya san akwai abin da ya ɓata.

Ka ɗauki wayar. Ka gaya masa abin da ka gaya mini, har zagayen da babanka ke yi, kada ka sassauta. Sannan ka tambaye shi ko ya fesa abin da ke riƙe allin a kai don kada ya goge. In bai fesa ba, auduga mai ɗan danshi za ta ɗauke yawancinsa. In ya fesa, sai sabon fenti, shafi mara kauri don kada layin bulo ya toshe. Tagogi kuwa, na san ragowar kwalayen nan uku suna nan a gidanka, ba ɗayanmu da ke zubar da su, a ciki za ka samu wasu. Aikin zai ƙare kafin Asabar in hannu huɗu ne, kuma burushin a hannun Orrin ya kamata ya kasance. Shi ya tsufar da ginin, shi zai yi masa abin da babanka ke yi duk bazara.

Ko za ka zauna a ƙungiyar, wannan ka bari sai bayan Asabar. Ka kawo mahaifiyarka, ka tura kekenta daf da tebur, ka rage tsawo yadda za ka ga abin da take gani, ka yi shiru. Wataƙila ta nuna maka ƙofar da babanka yake fitowa in an tashi aiki. In ta nuna, ka sa ɗan mutum-mutumi a wurin, da bokitin fenti a hannunsa.

Allah ya ba gwiwa lafiya, ya kuma sanyaya maka zuciya. Ka gaishe mini da ita.

Lorna