Kwanon Bayan Rumbu

Litinin, 3 ga Maris
Sati guda ke nan da muka dawo ƙauye, ni da 'yata 'Yar Baba, don jinyar Inna. Uwar mijina ce, kuma tun rasuwarsa ba ta da kowa sai mu. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, amma bakin nan lafiya lau. Yau ta ce kullum in an sauke tukunya in fara zuba kwano ɗaya in kai bayan rumbu, in ajiye kan wani baƙin dutse. Na ce na waye? Ta ce, "Na mai wurin." Na yi dariya na ce shi ma ya zo ya taya ni wanke-wanke.

Laraba, 5 ga Maris
Ban kai ba, kuma ba zan kai ba. Ina sallata, ba da tsufana zan fara ciyar da dutse.

Asabar, 8 ga Maris
'Yar Baba ta ƙi cin abinci. Yarinyar da sai na ƙwace cokali a hannunta. Ta ce in ta kai hannu sai ta tarar wani ya riga ta. Na duba kwanon, ga rami a gefen da ba ta taɓa ba. Na ce ɓera ne. Da rana tsaka, muna zaune a kai.

Lahadi, 9 ga Maris
Na tambayi matar mai shago zancen dutsen. Ta kalli yarinyar, ta kalle ni, ta ce kakanni ba su kori mai wurin ba, binne shi suka yi, da sharaɗin gida-gida za a riƙa ciyar da shi. "Bana naku ne, ƙanwata." Sai ta ja ƙofa ta rufe. Duk garin sun sani, kuma da su ake cika sahu a masallaci.

Talata, 11 ga Maris
Malamin asibiti ya auna 'Yar Baba, ya ce bai ga komai ba. Ni na gani. Awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. Na haɗa kaya mu tafi, muna kaiwa bakin gari ta sume a bayana. Da muka juyo ta farfaɗo. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji.

Laraba, 12 ga Maris
Inna ta kira ni ina shafa mata mai. Ta ce mijina yana da ƙanwa, bai taɓa gaya min ba don an hana shi. Shekarar da layi ya zo kansu ita ma Innar ta ƙi kaiwa, tana matashiya mai zafin kai irina. "Ba zazzaɓi ba ne ya ɗauke ta, 'yata. Tana nan bayan rumbu." Ba ta yi kuka ba. Ni na yi.

Juma'a, 14 ga Maris
'Yar Baba ta cinye abincinta tas, har ta nemi ƙari. Tana waje tana tsalle.
Ragowar tukunya ce kawai na kai bayan rumbu, kada ta lalace, kaji ma za su ci. Astagfirullah. Na ɗibi nasa kafin in sa gishiri, don ba ya so. Sai da na dawo na tuna ba wanda ya gaya min haka.