Ƙaryar Kwamfuta ke Ciyar da Ni

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Mijinki yana nan da munsharinsa mai firgita kaji? A gaishe shi.

Ni lafiya lau. Ɗakin aikinmu sanyi kamar cikin firji, don kwamfutoci ba sa son zafi, amma yatsuna sun fara sabawa.

Kin tambayi aikina. Babbar kwamfutar da ke ajiye fayiloli takan fito da jan rubutu, wai ayyuka biyu sun cije, kowanne ya riƙe makulli yana jiran na ɗan'uwansa. Ni aka ajiye in gwada buɗe fayil, in ga ko gaskiya ne. In fayil ya buɗu, ƙarya take yi, sai in share gargaɗin. In ya ƙi, in kira injiniya. Tun zuwana ban taɓa kiransa ba.

To, injiniyan ya gano dalili. Makullan biyu sun yi kama, shi ya sa manhajar da ke sa ido a cikin kwamfutar take ɗaukarsu abu guda, ta fito da gargaɗin. Yanzu yana rubuta wa kowanne alamarsa. Na ce, "Yallaɓai, ƙyale kwamfutar nan mana, wa ba ya ɗan ƙara gishiri?" Ya yi dariya, ya ci gaba da rubutu. Ranar da ta daina ƙarya, kujerata ta tashi aiki.

Inna ta sha zane ni a kan ƙarya. Yanzu ki roƙe ta ta sa wata maƙaryaciya a addu'a, Allah ya bar ta da halinta. Kada ki faɗa mata ko wace ce.

Ƙaninki,
Auta