Lomar da Zewalde Ya Karɓa

Daga Asgedom, a cocin kan tudu, zuwa ga ƙanwata Tirungo.

Gaisuwa, da fatan Allah ya ba ki haƙuri. Bayan haka, kin san na kaɗa ƙararrawar coci kafin dogaran sarki su cim mini, ba mai taɓa ni muddin ina cikin shingen nan. Amma zaman ya ishe ni, kullum soyayyen sha'ir da ruwa sai ka ce alfadari.

Ba zan ɓoye miki ba, ni na kashe mijinki, kuma ban yi nadama ba. Wane ne Zewalde? Ɗan mai kiwon alfadarai da sarki ya tsinta ya ɗaukaka don ya iya kiɗa! Sai ga dattawa masu furfura suna gasuwa a rana, ba su ganin sarki sai Zewalde ya ga dama. Gonakin babanmu na bakin tafki ya raba wa 'yan korensa. Manyan fada suka ce ni kaɗai zan iya ba shi guba, tunda komai sai an ɗanɗana masa, amma lomar da suruki ya miƙa a baki ranar idin Fasika na tashin Almasihu ba a mayar da ita.

Limaman coci sun ce tunda ba shi da dangi, jininsa a hannunki yake. In kika yafe a gabansu, ko sarki ba shi da ta cewa. Ki zo ki fitar da ni. Ki huta lafiya.

*

Daga matar Zewalde zuwa ga Asgedom.

Gaisuwa irin wadda ta zama dole. Lalle ba ka da kunya, Yaya. Sha'ir ne ya dame ka? Ni da na wanke gawa baki ya yi baƙi ƙirin, me zan ce?

Gonakin da kake kuka a kai, shekara nawa suka yi cikin ciyawa kana yawon shan giyar zuma? Ya yi girman kai, na sani, ni ma na sha faɗa masa. Amma bari ka ji abin da ba ka gani ba. Da ka naɗe lomar gurasar injerar nan ka miƙo, bai buɗe baki ba, ni ya kalla. Ni kuma, wawuya, na yi dariya na ce, "Haba maigida, karɓa mana, yayana ne fa." Da bakina na ce. Na tsane ka, Asgedom, kuma saboda kai na tsani kaina.

Ka ci sha'irinka lafiya.

*

Zuwa ga Tirungo, 'yar uwata ciki ɗaya.

Gaisuwa da ban girma. Ke dai har yau bakinki bai mutu ba. To ki zage ni, amma ki zo. Sarki ya ƙi cin abinci, ya rantse sai an jefo ni daga kan ganuwa. Manyan da suka aike ni ko aike ba su yi mini ba, ai kuwa in aka kama ni sai na zayyana sunayensu gaban kowa. Ina jin tsoro, Tirungo. Don nonon da muka sha, ki zo.

Allah ya sanyaya zuciyarki.

*

Yaya, gaisuwa.

Na je gaban limamai na yafe. Sun ce coci ba ta riƙe wanda ba a binsa jini, da safe za su fitar da kai su rufe ƙofa. Dogaran sarki sun tafi. Waɗanda za ka tarar a ƙarƙashin ɓauren bakin ƙofa bayin manyan nan naka ne, na karanta wa iyayen gidansu takardarka ta ƙarshe.

Ka fito lafiya.

Tirungo.