Goron Da Na Kai Gidan Mai Koriyar Ƙofa

Hajiya Luba, ki taimaka mini, abin ya tsaya mini a rai.

Ni mutumin zangon Kumasi ne. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma da akwati ɗaya na sauka a London, yau ina da shagon yadi a Old Kent Road, ba wanda ya ɗora ni. Ina ƙarami na kalli wani fim na Turawa a silima marar rufi, na yaran da suka ɓoye ɗan doki a gidansu mai koriyar ƙofa. A lokacin na ɗauka zana layin gidan aka yi, don ban yarda akwai wuri irin wannan a duniya ba. Da na samu kaset ɗin a nan, ni da 'yata Katumi, mai shekara sha uku, mun kalla har ya fara ƙarce.

Abokina Muniru, direban bas, shi ya gaya mini gidan yana bayan Regent's Park. Ranar Juma'a bayan masallaci na ɗauki Katumi muka je. Hajiya, ƙofar tana nan. Matakalar da dokin ya hau tana nan, har fitilar titin, ga ƙarfen shingen da na taɓa da hannuna, sanyi ƙalau. Ni da ban yi kuka ranar da na bar gida ba, sai ga hawaye.

A tarbiyyarmu ba a tsaya wa gidan mutum ana kallo ba sallama, ba a kuma zuwa hannu rabbana. Na riƙo goro da turare. Na ƙwanƙwasa. Wata tsohuwa ta leƙo, ta dubi goron, ta ce ba ta sayen komai, ta rufe. Ni, mai shago, an mai da ni ɗan talla a gaban 'yata. Yanzu Katumi ta ce ba za ta ƙara bi na ba, alhali wata gada da tashar jirgin da suka fito a fim ɗin suna nan ba mu je ba. Ina so in koma da babbar riga in yi wa matar bayanin ko ni wane ne.

Mai Yadi, London

Alhaji, niyyarka kyakkyawa ce, kuma abin da ka ji a gaban ƙofar nan ba abin kunya ba ne. Amma tsohuwar ba ta wulaƙanta ka ba. Gidanta ne, wataƙila ta gaji da baƙin da fim ya jawo mata, kuma ba ta san goro gaisuwa ba ne. Kada ka koma. Babbar riga ba za ta canza komai ba.

Katumi kuwa a nan aka haife ta. A wurinta wannan layi ne kawai, kuma ta ga an rufe wa babanta ƙofa, abin ya yi mata zafi. Ka taɓa ba ta labarin silimar Kumasi da yaron da ya zauna a benci baki buɗe? Ina zaton fim ɗin kaɗai ta sani. Ka ba ta, ka kuma bar ta ta ja gaba zuwa gadar, ita ta san ƙa'idar garin.

Goron ka raba a masallaci. Ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ta ɗakin Katumi ce. Allah ya sa ta buɗe, ya kai ku gadar tare.