Kwalbar Gishirin Malam

Litinin, 6 ga Oktoba
An sallamo Malam daga asibiti. Hannun dama ya mutu, bakin ya ɗan karkace, amma yana magana, alhamdulillahi. Likita ya tsayar da ni a ƙofa ya ce, "Mama, gishiri da dunƙulen miya, ko ƙwaya. Idan jinin ya sake hawa, shanyewar jiki ta biyu ba ta barin mutum." Na ce to. Shekara talatin da ɗaya ina yi wa mutumin nan girki, yau na tsaya gaban tukunya kamar wadda ba ta taɓa riƙe ludayi ba.

Laraba, 8 ga Oktoba
Shinkafa da miyar kifi, babu gishiri. Cokali biyu ya ture kwanon. Wai, "Malama, miya ce wannan ko ruwan alwala?" Malama yake ce min tun muna yara, don ya ce na fi liman tsoron zunubi. Na yi dariya don ya ji daɗi. A kicin kuma ban yi ba.

Asabar, 11 ga Oktoba
Na gwada lemon tsami. Na gwada tafarnuwa da citta. Na gasa albasa har ta yi ja na niƙa a miya, kamar yadda takardar asibiti ta ce. Ni dai a bakina ba laifi. Shi ya ce duk ɗaya ne, kamar yana tauna audugar katifa.

Talata, 14 ga Oktoba
Auta ta zo daga wurin aiki da wani ganye mai kai kamar ƙaramar bishiya, wai yana gyara jini. Ban san ta inda ake kama shi ba, na dafa har ya narke, gidan ya ɗauki wari. Malam ya leƙa kwano ya ce, "Yau kuma daji aka sare min?" Bai taɓa ba. Ni na cinye, zubar da abinci ba kyau.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Awo. Kilo huɗu ya tafi. Wandon da ya ɗinka wa kansa da hannunsa kafin ciwon nan yanzu sai na naɗe ƙugun sau biyu. Nas ta ce maganin ba zai zauna a cikin da babu komai ba, dole ya ci. Ya ci me?

Lahadi, 19 ga Oktoba
Ya roƙe ni. Mutumin da bai taɓa roƙona komai ba. "Ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka, Malama. Ba wanda zai sani." Na ce Allah zai sani, likita ma zai gani a awo. Ya juya fuska bango.
Auta ta ja ni gefe: "Umma, ki ce masa kin sa mana, mene ne a ciki?" Na ce ban yi wa ubanki ƙarya ina da ƙuruciya ba, sai yanzu da furfura? Malaminmu na allo yakan ce ƙarya ko ta wasa ce rubuta ta ake yi. Ta ce, "To ki bar gaskiya ta kashe shi." Ta ba ni haƙuri daga baya. Maganar dai ta zauna.

Laraba, 22 ga Oktoba
Rabin kofin shayi. Shi ke nan yau.

Alhamis, 23 ga Oktoba
Ƙanwarsa, Goggon yara, ta zo da kula, dankali da nama. Ta rantse ba ta sa komai ba. Na ga yadda take kauce wa idona, amma kunya ta hana ni ɗanɗanawa a gabanta. Malam ya kai loma ɗaya ya ce, "Ke ma sun haɗa baki da ke? Lami salam." Ta juyo tana kallona.
Da ta tafi na taɓa a harshena. Gishiri har yana yanka.
Na daɗe tsaye da cokalin a hannu.

Asabar, 25 ga Oktoba
Allah ya yafe min, na gwada shi. Na ba shi shayi da zuma cokali uku, ya ce na manta sukari. Na matsa lemon tsami a ruwa, ya shanye bai ko yamutsa fuska ba. Ashe ba girkina ba ne. Harshen ne ya tafi tare da hannun.

Litinin, 27 ga Oktoba
Na gaya wa likita ni kaɗai. Ya ce yakan faru, ɗanɗanon wani kan dawo, na wani ba ya dawowa. Ya ce in na ga dama in sanar da Malam. A gida na shiga ɗaki da niyyar faɗa masa, na tarar yana gaya wa Auta ranar da aka yarda masa da gishiri zai ci kwano uku. Abin da yake jira ke nan. Na ɗauki tsintsiya na fita kamar ita na zo nema.

Alhamis, 30 ga Oktoba
Na jiƙa shinkafa, na shanya, na daka, na tankaɗe, na bar ta da ɗan tsaki-tsaki. Na wanke kwalbar gishiri na zuba. Da rana na ajiye ta a gefen faranti, ban ce komai ba. Ya dube ta, ya dube ni. Ya barbaɗa da hannun hagu, rabi a kwano rabi a tabarma. Ya ci rabin wake da kifin. "Allah ya yi miki albarka, Malama." Amin ɗin ma a ciki na yi ta.
Ban furta komai ba, haka nake ta gaya wa kaina. Amma na san ajiyewar ma magana ce. Istigfari ɗari bayan azahar.

Talata, 4 ga Nuwamba
Awo. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Jinin yana nan daidai. Nas ta tambaye ni me na canza, na ce yana dai ci.

Juma'a, 7 ga Nuwamba
Yau ya riƙe kwalbar ya daɗe yana juya ta. Ya zuba kaɗan a tafin hannunsa da ya mutu, ya lasa. Sannan ya ɗago.
"Malama, ke ba kya ƙarya. Gishiri ne wannan?"
Na ce, "Gishiri ne, Malam. Ci kafin ya huce."
Ya kalle ni har na ji kunnuwana suna zafi. Ya ce to. Ya cinye, ya suɗe kwanon da yatsa.
Muryata ba ta yi rawa ba. Sai bayan la'asar na tuna ban ɗauki carbi ba.
Kwalbar ta kusa rabi. In jiƙa wata shinkafar gobe da safe, kafin ya tashi.