Kan Dorinar da Yaya Modu Ya Ƙona

Daren Laraba, Gashuwa

Kan dorinar ruwan da na haɗa wa ɗalibaina domin wasan rufe makaranta ya zama toka. Tun farkon zango nake fama da shi. Na fafe babbar ƙwarya, na lulluɓe ta da tsumma, na saƙa kunnuwa da kaba, na fiƙe haƙora da totuwar masara. Sau nawa allura ta soke ni!

Bayan la'asar Yaya Modu ya iso daga Nguru, ya tarar da kan dorinar a tsakar gida yana shan iska. Ko gaisuwata bai amsa ba.

Ya ce, "Falmata, gunki kike sassaƙawa a gidan mahaifinmu?"

Na ce, "Yaya, kayan wasan yara ne, jibi za su saka."

Ya sure shi ya cusa a murhu, ya tsaya yana kallo har kabar ta kama. Wai shi mai gyaran gida! Mutumin da ko rashin lafiyar Inna ba ta kawo shi ba, sai yau da ya zo sarin busasshen kifi. Da yamma ya zauna ya cinye tuwon da na tuƙa a kan wutar, har da neman ƙari.

Ban yafe ba. Akwai sauran ƙwarya a ɗakin Inna, kuma da asuba zan fara wani. Wannan karon na san bakin wanda zan kwaikwaya.