Ambulan ɗin Umma da Na Buɗe

Assalamu alaikum Anti Binta,

Ya gida, ya ƙafar Kawu, ya su Ilham? Mu nan Lugbe lafiya, ni ce dai hankalina ba a kwance ba.

Anti, ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Kin san Umma da tsohon malaminta na Zariya wasiƙa suke yi kan binciken sauro, don shi ba ya son waya. Makon jiya ta aike ni tashar Jabi in karɓo saƙonsa a wurin direba. Da na ga rubutun hannu, sai na zaci irin wasiƙar littattafan soyayya ce, na buɗe. Wallahi ba haka ba ne! Cewa ya yi sakamakonta ya yi kyau, ta zo ta riƙe ɗakin gwajinsa, yana jiran amsa kafin Juma'ar nan.

Kunyar yagaggen ambulan ta sa na ce wa Umma ba a ba direba komai ba. Yanzu kullum sai ta ce, "Ƙila aikina ne bai gamsar da shi ba."

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a. Yau tana dawowa daga aiki zan miƙa mata, ta yi min duk faɗan da za ta yi.

'Yarki,
Nusaiba